Na je Bama neman sunan ƙanin kakana

Tun ina ƙarami nake jin kalmar Bama a gidanmu, kuma na daɗe ina ɗauka Baman Borno ake nufi, sai da na shiga sakandare na gane ashe wata ƙasa ce can gabas da Indiya, wadda yanzu ake ce wa Myanmar. Kakana na wajen uba tsohon soja ne, Baba Soja muke ce masa mu jikoki, kuma duk unguwarmu a cikin birnin Zariya da haka aka san shi. Yana da wani akwatin ƙarfe da tsatsa ta ci gefensa, a ciki akwai lambobin yabo, ɗaya mai siffar tauraro da ƙyalle ja a tsakiya, ita ce ta yaƙin Bama, wanda Turawan Ingila suka yi da Japan a yaƙin duniya na biyu. In ya yi sallar la'asar ya zauna a zaure kan buzunsa wani lokacin sai labari ya zo masa, ya ce mana ruwan sama na can ba irin namu bane, sai ya kwana bakwai bai ɗauke ba, ya ce matsattsaku har cikin takalmi suke shiga, ya ce shinkafa daga jirgin sama ake jeho musu da lema. Amma da zarar labarin ya zo kan ƙaninsa sai ya yi shiru ya jawo carbi.

Su biyu suka tafi, uwa ɗaya uba ɗaya, a 1943, lokacin da Turawa suka matsa wa sarakuna a kawo samari, sarakuna kuma suka juya kan hakimai da dagatai. Baba Soja ya dawo a 1946, ƙanin bai dawo ba. Baki kawai aka kawo gida, an ce ya rasu a daji, ba gawa ba kabari. Mahaifiyarsu har ta koma ga Allah bata yarda an yi masa sadakar uku ko ta bakwai ba, cewa take wanda ya ga inda aka binne shi ya zo ya faɗa mata da bakinsa. Gwaggo ce ta bani wannan maganar, ita kaɗai ta rage a 'ya'yan Baba Soja mata, kuma tun ranar abun ya zauna min a rai.

A 2019 ina karatu a Malesiya, wata rana ina duba taswira a waya sai na ga daga Kuala Lumpur zuwa Yangon ta Myanmar ko awa uku jirgi baya yi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, ashe duk wannan lokacin ina maƙwabtaka da ƙasar. Akwai wani ɗan Myanmar a sashenmu, shi ya haɗa ni da wani dattijo da sana'arsa kenan, kai baƙi filayen yaƙi da maƙabartun sojoji. Na tara ɗan abun da na tara, biza ta fito, na tashi a watan Nuwamba bayan damina ta ɗauke.

Yangon gari ne mai zafi da gumi irin na Legas, tsofaffin benayen zamanin Turawa duk sun yi baƙi da gansakuka. Maza suna ɗaura zani har da masu zuwa ofis, longyi suke ce masa, mata da yara kuma suna shafa wani abu ruwan ƙwai a kumatu, thanaka, daga ɓawon itace ake niƙa shi. Ƙasa ko ina jan yawu saboda wani ganye da suke taunawa kamar yanda muke cin goro. Abu biyu suka bani mamaki, babu babur ko ɗaya a tsakiyar gari, sannan motoci da yawa sitiyarinsu a dama yake kuma a hannun dama suke tuƙi. Na sauka a wani ƙaramin masauki kusa da Sule Pagoda, wata hasumiyar ibada ta 'yan addinin Buddha, ga masallaci nan 'yan taku kaɗan, a nan na yi magariba da isha, na samu birani mai kyau a shagon wani Musulmi na ci na kwanta.

Washe gari da hantsi muka haɗu da jagoran a wani shagon shayi, irin mai ƙananun kujeru da gwiwarka ke kusan taɓa haɓarka. Mutum ne siriri da ya haura sittin, da farar riga da longyi, ga jaka a rataye cike da takardu. Tsohon malamin tarihi ne, abokina ya ce in rinƙa ce masa Saya, wato kamar mu ce Malam, toh haka na kira shi har muka rabu. Ya ce min yawancin waɗanda yake ɗauka 'yan Ingila ne masu neman kabarin uba ko kaka, sai 'yan Indiya jefi-jefi, sai 'yan Japan da suke zuwa nasu wuraren da turare da furanni, amma a duk shekarun da ya yi yana aikin bai taɓa ɗaukar mutumin Afirka ta Yamma ba. Ya ce kullum yana wucewa ta gaban sunayenku, bai taɓa ganin wanda ya zo dominsu ba. Ban iya cewa komai ba, na dai kurɓi shayi.

Burina in je Arakan, inda Baba Soja ya yi yaƙi, jihar da yanzu ake kira Rakhine. Kai tsaye Saya ya ce min a'a. A lokacin sojan gwamnati da mayaƙan Arakan Army suna gwabzawa a yankin Mrauk U da kogin Kaladan, tun watan Yuni an katse intanet a garuruwan wajen, ga kuma abun da ya faru a 2017 da Musulmin Rohingya sama da dubu 700 suka tsere Bangladesh. Ya ce shi ba zai kai baƙo inda ba zai iya dawo da shi ba. Naji zafin abun sosai, dan abun da ya kawo ni kenan, in taka ƙasar da suka taka. Sai ya ture kofunan shayi gefe ya ce toh tunda ƙafa ba zata je ba bari yatsa ya je, ya fito da wata tsohuwar taswira da aka lilliƙe da salatif ya shimfiɗa a teburin.

A nan na gane menene aikin jagora. Bai fara da sunayen janar-janar ba, da ƙasa ya fara. Ya nuna min duwatsun Arakan yanda suka miƙe daga arewa zuwa kudu kamar haƙarƙari, kowane kwari da koginsa, a tsakani kurmin gora da ko rana bata ratsa shi. Ya ce a irin wannan wajen mota bata da amfani, shi yasa Turawa suka kawo rundunoni biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, dan suna da rukunin mutane da aikinsu ɗaukar kaya a ka, harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi, sauran kuma jirgi ya jeho. Ya nuna min hoton tambarin runduna ta 81, baƙin gizo-gizo, Ananse na mutanen Ghana, na ce masa ai mu ma muna da shi, Gizo, duk tatsuniyarmu shi ne. Da ya nuna na 82 kuwa, mashi biyu a gicciye kan wani zagayayyen abu, ya ce shi an faɗa masa abun ɗora kaya ne amma bai taɓa gani ba. Na ce Saya wannan ai gammo ne, na ɗauki hankici na naɗe masa na ɗora a kai. Dattijon nan ya daɗe yana kallo, ya fito da littafi ya rubuta kalmar.

Daga nan ya ɗora yatsa a saman taswirar ya ce ga hanyar runduna ta 82. A Disamba 1944 sun gangaro ta kwarin Kalapanzin suka karɓi Buthidaung. Na ce tsaya, Kala me? Ya maimaita, Kalapanzin. Jikina ya yi yam, dan akwai barikin Kalapanzin a Kaduna, na wuce ta gabansa ban san iyaka ba. Ya ci gaba, suka tsallaka duwatsu zuwa Kaladan, suka haɗu da 'yan uwansu na 81, a Janairu 1945 aka karɓi Myohaung, wato Mrauk U, tsohuwar hedkwatar sarakunan Arakan. Akwai barikin Myohaung a Yaba ta Legas, akwai wani a Takoradi ta Ghana. Yatsan ya yi kudu, Dalet, na ce Kawo Kaduna. Tamandu, na ce Apapa. Sai garin An da Letmauk, na ce Letmauk kam Ibadan. Har Dodan Barracks da shugabannin soja suka mulki Najeriya daga cikinsa, daga can sunan ya fito. Ya koma arewacin ƙasar ya nuna min layin dogo wajen Mawlu inda bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka yi yaƙi a 1944 cikin dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, waɗanda aka sauke da jirage a bayan layin Jafanawa suka riƙe wani sansani da suka sa wa White City. Na ce Saya, barikin Chindit a garinmu yake, Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji. Shi yana kiran ƙauyuka da rafukan ƙasarsu, ni ina amsa masa da unguwannin ƙasarmu, mun kai minti goma a haka. Ya ce bai taɓa sanin akwai wata ƙasa a duniya da ta rubuta Dalet a ƙofar wani gini ba, dan ko a Yangon ba kowa ya san wajen ba.

Abun da ya tsaya min shi ne mu da muke da allunan a ƙofar barikoki, ni dai ba wanda ya taɓa faɗa min ma'anarsu, ba a firamare ba, ba a sakandare ba. Kusan mutum dubu 90 daga Afirka ta Yamma aka kai wancan yaƙin, mafi yawansu 'yan Najeriya, ga na Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya. Turawan Ingila suna kiran rundunar Janar Slim ta 14 da ta yi yaƙin Bama rundunar da aka manta, saboda hankalin duniya yana kan Hitila da Turai. Toh in su an manta su, namu fa.

Da muka gama shayi muka ɗauki tasi muka yi arewa ta hanyar Pyay zuwa maƙabartar sojoji ta Taukkyan, tafiyar kusan awa ɗaya saboda cunkoso. Kafin mu shiga maƙabartar sai Saya ya sa direba ya tsaya a wata mararraba inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi Bago ɗaya ta yi Pyay. Wajen ba komai sai shaguna da masu sayar da kankana da motocin haya suna ta hon. Ya ce kalli nan da kyau, ranar 7 ga Maris 1942 sojan Japan sun tare wannan hanyar, duk rundunar Turawa da ke gudu daga Rangoon, wato Yangon ta yanzu, ta maƙale a nan har da babban kwamandansu Janar Alexander, an yi ta kai hari an kasa buɗewa, sai da gari ya waye aka tarar Jafanawan sun tashi da kansu sun nufi birni, dan su tare hanyar suka yi kawai har ayarinsu ya tsallaka. Ya nuna min da hannu ta inda ayarin ya ɓullo da inda tankoki suka tsaya. Da ni kaɗai ne da na wuce wajen ko waiwaye ban yi ba. Ya ce haka filin yaƙi yake, in babu mai nunawa shekara ashirin ta isa ya koma kasuwa.

Maƙabartar Taukkyan tana bakin titi, amma kana shiga ƙarar motoci ta ragu. Ciyawa kore shar an aske ta daidai, furanni tsakanin kaburbura, ma'aikata sun durƙusa suna cire haki da hannu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ce ke riƙe da wajen. An fara ta a 1951, aka kwaso gawarwaki daga maƙabartun Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw da wasu da aka tsinto a dazuzzuka, kaburburan yaƙin duniya na biyu a nan 6,374 ne, 867 daga ciki ba a san ko su waye ba. Kaburburan ba tsayayyun duwatsu bane, wasu gajerun dakali ne da allon tagulla a kai, sahu-sahu har inda ido ya tsaya. Samari da 'yan matan garin suna zaune a inuwa suna hira, wasu na ɗaukar hoto, da farko abun ya min wani iri, amma Saya ya ce shi ya fi son haka da a ce wajen ya zama kufai, na yi tunani na ga gaskiyarsa.

Ya bi da ni sahu-sahu. Ga na Turawa, da yawa akwai 'yar magana a ƙasan sunan da uwa ko mata ta zaɓa ta aiko. Ga na Musulmin Indiya da rubutun Larabci, na tsaya na karanta inna lillahi wa inna ilaihi raji'un a ƙasar da ban zaci ganin harafin Larabci a kan tagulla ba. Ga na Gurkha, sojoji 'yan ƙasar Nepal. Sai ya tsaya ya ce ga naku. Tambarin bishiyar kwakwa, na rundunar RWAFF, wato sojan Turawan Ingila na Afirka ta Yamma, irin wanda na sani a maɓallan tsohuwar rigar Baba Soja. Lamba, muƙami, suna, ranar rasuwa. Yawancinsu ba wata magana daga gida, dan waye zai je ƙauye a 1950 da wani abu ya tambayi tsohuwa me take so a rubuta a kabarin ɗanta.

Namu ba ya cikin masu kabari, na riga na duba a shafin hukumar tun ina Malesiya. Waɗanda ba a samu gawarsu ba sunayensu na jikin wani dogon gini a tsakiyar maƙabartar, ginshiƙai sahu biyu da wani zagayayyen fili a tsakiya, an buɗe shi a Fabrairu 1958, sunaye kusan dubu 27. Dubu ashirin da bakwai, jama'a. Kana tafiya sunaye ta dama sunaye ta hagu daga sama har ƙasa, na Indiya sun fi yawa nesa ba kusa ba. Saya ya san wajen kamar ɗakinsa, bai duba takarda ba ya kai ni har gaban allunan Nigeria Regiment, ya ja da baya ya bar ni.

Ban san yanda zan kwatanta muku ba. Kamar ka shiga tashar Kawo ana kiran garuruwa. Wane Kano, wane Sakkwato, wane Katsina, wane Bauci, wane Yola, wane Zariya, dan sojan Turawa haka suke rubuta mutum, sunansa sai garinsu ko ƙabilarsa, ba ruwansu da sunan uba. A allunan Gold Coast kuma sai ka ga wane Moshi, wane Dagarti, wane Fulani, wane Hausa. Ga sunayen Tibi, ga na Ibo da Yarbawa, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya duk a jere. Na sa yatsa ina bi layi-layi ina karantawa a fili, muryata tana rawa.

Sunan ƙanin kakana suna ne da kusan kowane gida a Arewa akwai mai shi. Na samu mutum uku masu sunan da Zariya a gaba, biyu a allo ɗaya, ɗaya a wani. Lambar sojansa ta ɓace tare da takardun da gara ta cinye tun kafin a haife ni. Saya ya zo da takardun da ya buga daga rajista, muka duba ranaku, ɗaya ya rasu a 1944 kafin runduna ta 82 ta shiga daji, sauran biyun duk a farkon 1945 ne, daidai lokacin da Baba Soja yake cewa an raba su aka tura ƙanin gaba da wani kamfani. Na tsaya tsakanin allunan biyu na rasa inda zan dafa. Can sai na ji zuciyata ta kwanta, na ce duk ukun 'yan Zariya ne, duk ukun akwai uwar da ta jira su a bakin ƙofa. Na cire takalmi na fuskanci yamma inda alƙibla take a can, na karanta Fatiha da ƙulhuwallahu goma sha ɗaya, na yi musu addu'a su uku, na haɗa da duk Musulmin da ke wajen. Na yi kuka sosai. Saya ya tsaya daga nesa hannuwansa a haɗe a gaba, har na shafa bai motsa ba.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana na kira gida ta WhatsApp, a Zariya lokacin bakwai da rabi na safe. Ƙanwata ta kai wa Gwaggo wayar. Da yake sunan Baba Soja aka sa min, bata kiran sunana.

Ta ce, Babana kana ina ne haka nake ganin furanni?

Na ce Gwaggo ina Bama, ga sunan Baffa a jikin dutse.

Na juya kyamara na matsar da ita kusa. Gwaggo bata karanta boko, amma ta ce in ɗora yatsana a kai, na ɗora a na farko, na ce akwai wani kuma, na je na ɗora a na biyu. Ta daɗe bata ce komai ba sai salati da nake ji ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, wajen da tsafta? Na ce da tsafta Gwaggo, kullum ana shara ana ban ruwa. Ta ce Allah ya saka wa masu sharar. Ta ce wanene wancan tsohon a bayanka, na ce malamin da ya kawo ni ne, ta ce ka gaishe shi, ka ce masa Allah ya raya masa zuri'a. Na fassara masa, ya sunkuyar da kai ga wayar.

A cikin zagayayyen filin nan na tsakiya akwai rubutu babba da ke cewa sun mutu ne domin dukkan 'yantattun mutane, an rubuta da Turanci da yaren Bama da Hindi da Urdu da Gurmukhi. Na zagaya ina neman ko da layi ɗaya da wani harshen Afirka, babu. Hausa kuwa ita ce harshen bariki a rundunar Najeriya tun kafin yaƙin, da ita sajan yake magana da kurtu. Kuma maganar 'yanci ta tsaya min a wuya, dan waɗannan samarin su kansu a ƙarƙashin mulkin mallaka suke, albashinsu bai kai na Bature mai muƙami ɗaya da su ba, sai bayan shekara goma sha biyar da gama yaƙin ƙasarsu ta samu 'yancin kai. Na faɗa wa Saya haka. Ya zauna a kan dakali ya ce su ma nasu lissafin ba mai sauƙi bane. Aung San, uban 'yancin ƙasarsu, tare da Japan ya shigo a 1942 dan a kori Turawa, sai a 27 ga Maris 1945 ya juya musu baya, wasu ƙabilun tudu irin Karen da Kachin da Chin kuma da yawansu suna gefen Turawa tun farko. Ya ce mahaifiyarsa tana yarinya aka ƙone ƙauyensu, kuma har ta mutu bata damu da sanin jirgin waye ya jefa wutar ba. Ya ce shi in ya kawo ɗan Ingila da safe ya kai ɗan Japan da yamma, abu ɗaya yake gani a fuskarsu, dan haka ya daina yi wa baƙo wa'azi, yana nuna masa waje ne ya faɗa masa abun da ya faru ya ja baya.

Kafin mu tafi ya roƙe ni wata alfarma. Ya ce duk shekarun nan yana ɗauka Kano da Sokoto da Bauchi sunayen manyan dangi ne, har yana faɗa wa baƙi cewa kalli yanda gida ɗaya ya rasa mutum goma sha. Na ce a'a Saya, garuruwa ne, na buɗe taswirar Najeriya a waya na nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, na ce wannan birnin kasuwanci ne mai ganuwa, wannan na Shehu ne, ga Yola kuma kusa da Kamaru take. Muka koma gaban allunan, ina karanta suna yana maimaitawa yana rubuta yanda ake furtawa da haruffansu masu kama da zobba, Audu, Garba, Mamman, Sule. Da ya ji Sule ya yi murmushi saboda sunan hasumiyarsu ta tsakiyar gari. Mun fi awa ɗaya a haka har rana ta karkata, mai gadi ya fara zagayawa. Ya ce daga yau duk wanda na kawo sai ya tsaya a nan, ko bai tambaya ba. Da na miƙa masa kuɗin aikinsa ya ƙirga ya mayar min da rabi, na ƙi karɓa ya ƙi karɓa, ƙarshe muka ba masu ban ruwan furanni.

Bayan nan mun ci gaba da gaisawa a waya, har ya turo min hoton wasu Turawa biyu tsaye gaban allunan Najeriya. A 1 ga Fabrairu 2021 soja suka yi juyin mulki a ƙasar, baƙi suka ɗauke ƙafa, saƙonsa ya rinƙa yin nisa, na ƙarshe da na samu cewa ya yi ya koma ƙauye wajen 'yarsa kuma yana lafiya. Ina sa shi a addu'a. A watan Afrilu na 2021 ɗin kuma hukumar kaburburan ta fitar da rahoto da kanta cewa a yaƙin duniya na ɗaya akwai aƙalla mutum dubu 116, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, da ba a rubuta sunansu a ko ina ba. Da na karanta sai na tuna da 'yan Arewa da aka kai yaƙin Kamaru da Tanganyika tun kafin a haifi Baba Soja, mu namu ko ba komai akwai dutsen da za a dafa.

Da na dawo gida hutu na wanke hotunan allunan biyu a wani shago a Sabon Gari na kai wa Gwaggo. Ta sa aka ɗauko akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado, ta naɗe hotunan a farin ƙyalle ta ajiye su kusa da tauraron. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ta sa aka yi waina da kunu, aka kira malaman unguwa da almajirai aka sauke Alƙur'ani a zauren da Baba Soja yake zama, shekara saba'in da 'yan kai bayan rasuwar. Da liman ya tambaya sunan wa za a ambata a addu'a, Gwaggo ta aiko daga cikin gida cewa a faɗi sunan sau uku.